Tsokar da Ke Riƙe da Mara: Shawarwari 30 ga Gidajen Samaru da Sabon Gari

A ƙasan ƙugun kowane mutum, mace ko namiji, akwai wata shimfiɗar tsoka da ta taso daga ƙashin mara ta gaba, ta je ta kama ɗan ƙashin nan na ƙarshen gadon baya, ta kuma maƙale a gefe da gefe. Aikinta irin na ragaya ne: ita ke ɗauke da mafitsara da ƙarshen hanji, ga mace kuma har da mahaifa, don kada su zazzago. Ita ke taya ƙofar fitsari da ta bayan gida rufuwa har mutum ya kai makewayi, ita ke buɗewa ta ba jariri hanya ranar haihuwa, tana kuma da hannu a daɗin auratayya.

In ta yi rauni, alamun sanannu ne ko da ba a faɗarsu: ɗigon fitsari in an yi tari ko atishawa ko dariya, alwalar da ba ta kaiwa daga Magariba zuwa Isha'i, iskar da ke kuɓucewa a ruku'u, nauyi a ƙasan mara da yamma. Mata da yawa, daga Hayin Dogo har Muciya, sun ɗauka abin da haihuwa ke bari ke nan, sai a ƙara zane a yi shiru. Maza kuwa su ce girma ne ya zo. Alhali tsoka ce, tana ƙarfi in ana motsa ta, tana sanyi in ana yawan danna ta. Ga abin da za a yi a gida ba a kashe ko sisi ba, ga kuma iyakar da in an kai ta sai asibiti.

GANO TA DA MOTSA TA

1. Fara da gano inda tsokar take.
Ki kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙware, ki matse dubura kamar kina riƙe iska a cikin mutane, sannan ki kawo matsewar gaba kamar kina tare fitsari. Abin da ya kamata ki ji shi ne matsewa haɗe da ɗagowa zuwa ciki, ba turowa waje ba. In kika ɗora yatsa mai tsabta a fatar da ke tsakanin gaba da dubura kika ji wurin ya ja sama, to kin kama ta.

2. Malam, kai ma kana da ita.
Ka tsaya ko ka zauna, ka matse kamar kana riƙe iska, sannan ka ja kamar kana ɗage maraina sama. In ka yi daidai za ka ga gabanka ya ɗan ja ciki. Hanyoyi biyu ne suka ratsa tsokar namiji, ta mace kuwa uku, shi ya sa ta mace ta fi saurin rauni, amma tsufa da tari da dakon kaya ba ruwansu da jinsi. Duk inda na ce "ki" a nan, in ba zancen haihuwa ba ne, har da kai ake.

3. Kada katse fitsari ya zama shi ne atisayen.
Wasu na cewa a riƙa tsayar da fitsari ana tsaka da yi; sau ɗaya don gane wurin babu laifi, amma in ya zama ɗabi'a mafitsara kan daina zubar da na cikinta duka. Ragowar da ta kwanta ita ke jawo ciwon sanyin mafitsara. Ki gama fitsarinki tsaf, ki yi tsarki, sannan ki koma ɗaki ki yi atisayen.

4. Bar ɗuwawu da cinya su huta.
Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haɗe cinyoyi, a ɗaure ciki, a riƙe numfashi har jijiyar wuya ta tashi, alhali tsokar da ake nufi tana kwance abinta. Ki ɗora hannu ɗaya a ciki, ki riƙa ƙirga a bayyane, domin mai ƙirgawa da baki ba ta iya riƙe numfashi. In wadda ke zaune kusa da ke ta gane kina wani abu, to ba wurin kike motsawa ba.

5. Koya mata jimiri da doguwar riƙewa.
Ki matse, ki ɗaga, ki riƙe na sakan 3, sannan ki saki gaba ɗaya ki huta kamar tsawon riƙewar ko fiye. Ki maimaita sau 8 zuwa 12, kuma duk lokacin da kika ji ya yi sauƙi ki ƙara sakan ɗaya, har ki kai sakan 10. In kika ji tsokar ta saki da kanta kafin ki gama ƙirga, ta gaji ke nan, a tsaya nan. Guda biyar masu kyau sun fi ashirin na jeka-na-yi-ka.

6. Koya mata zafin nama da gajeriyar matsewa.
Zaren tsokar iri biyu ne: akwai mai haƙuri da ke riƙe kayan ciki wuni guda, akwai mai sauri da ke rufe ƙofa in atishawa ta zo ba sallama. Bayan doguwar riƙewa, ki yi matse-saki, matse-saki da ƙarfi sau 10, kowanne kamar sakan ɗaya. Ki tabbata kin saki sosai tsakanin kowace matsewa, don rabin aikin a sakin yake.

7. Rataya atisayen a jikin abin da ba kya mantawa.
Sau uku a rana ake so, kuma mantuwa ce ke kashe shi, ba wahala ba. Ki ɗaura shi bayan sallar Asuba da La'asar da Isha'i, ko bayan addu'ar safe da abincin rana da lokacin kwanciya, ko duk sa'ad da kika zauna shayar da yaro. Zaman cikin bas daga Samaru zuwa kasuwar Sabon Gari ma ya isa a yi zagaye guda cikakke, ba wanda zai sani.

8. Tashi daga kwance zuwa tsaye, ki ba shi wata uku.
A kwance ya fi sauƙi domin nauyin kayan ciki ba ya kan tsokar, amma a tsaye ɗigon ke zuwa, saboda haka in hannunki ya faɗa ki koma yi a zaune, daga baya a tsaye wajen wanke-wanke ko guga. Likitan mata Arnold Kegel na Amurka ne ya wallafa wannan atisaye a 1948, kuma har yau shi likitoci ke fara bayarwa ga mai ɗigon tari kafin a yi zancen tiyata. Sai dai ba a yanke masa hukunci kafin wata uku, kuma in an samu sauƙi a ci gaba da yi ko sau ɗaya a rana, don in an daina raunin kan dawo.

9. Matse kafin tari, kafin atishawa, kafin ɗaga kaya.
Wannan dabarar ita ce mai saurin biya, domin wasu kan ga bambanci tun a makon farko. Da kin ji tari na tahowa, ko za ki miƙe daga tabarma, ko za ki ɗago daga sujada, ko za ki goya yaro, ki matse tukuna ki riƙe har abin ya wuce. Da farko sai kin tuna, daga baya jiki zai riƙa yi da kansa.

10. Koyi saki kamar yadda kika koyi matsewa.
Ba kowace matsala ce rauni ba. Wata tsokar ƙanƙamewa take yi, sai a samu zafi wajen saduwa, ko fitsari ya ƙi fita sai da yunƙuri, ko ciwo a ƙasan mara in an daɗe a zaune. Mai irin wannan in ta dage da matsewa ƙara wa kanta ciwo za ta yi. Ki kwanta, ki ja numfashi a hankali har ciki ya cika, ki bar ƙasan ya buɗe ya sauka, ki yi haka na minti biyar. In zafin bai ragu ba, ki nemi likitan mata ko na fisiyo.

RAGE ABIN DA KE DANNA TA

11. Yaƙi taurin bayan gida daga tukunya.
Yunƙurin masai kullum yana tura tsokar ƙasa yana jan jijiyoyinta, kuma shi ne abokin basir. Maganin yana tebur a kasuwar Samaru: wake, zogale, rama, alayyahu, kuɓewa, kuka, kabewa, dankalin Hausa, gwanda, gwaiba, da lemon da za a ci har da ɓargonsa ba a tsotse a yar ba. Tuwon dawa ko gero da ba a surfe shi ƙal ba ya fi farar shinkafa da taliya da burodi tafiyar da ciki.

12. Kada ki raina tsuguno.
Wani sashe na tsokar ya zagayo ƙarshen hanji ya lanƙwasa shi don kada bayan gida ya zubo, kuma tsuguno ne ke sassauta wannan lanƙwasa. Masu masai na tsuguno sun huta. Masu na zama kuwa su ajiye 'yar kujerar katako su ɗora ƙafa, gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo, su ɗan sunkuyo. A bar waya a ɗaki, a riƙa fitar da numfashi maimakon riƙe shi, kuma in minti biyar ya wuce babu labari a tashi sai an sake ji.

13. Sha ruwa, rage shayi da goro.
Mai ɗigo takan gudu daga ruwa, sai fitsarin ya yi kauri ya riƙa tsikarar mafitsara, ciki kuma ya bushe, an yi ba a yi ba ke nan. Lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, a rarrabe, a ƙara lokacin bazara, a rage in saura awa biyu a kwanta. Da azumi a raba shi tsakanin buɗa-baki da sahur. Abin ragewa shi ne shayi mai kauri, kofi, goro da lemon kwalba baƙi, domin sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana zaburar da mafitsara.

14. Kada a zauna da tari.
Kowane tari bugu ne a kan tsokar, kuma ƙurar hunturun Zariya da hayaƙin icce ba sa ɗaga ƙafa. A yayyafa ruwa kafin shara, a yi girki inda iska ke ratsawa, a rufe hanci in za a hau acaɓa, mai shan taba kuma ya san kansa yake cuta. Tarin da ya kai mako biyu a je a gwada majina. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, ga cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa nan kusa a Saye.

15. Raba kaya biyu, ki je sau biyu.
Jarka mai lita 25 in ta cika kilo 25 ce, kuma in kika ɗaga ta kina riƙe da numfashi, nauyin a ƙasan mara yake sauka. Ki lanƙwasa gwiwa, ki jawo kayan kusa da jiki, ki matse, ki ɗaga kina fitar da numfashi, kuma ki nemi mai ɗora miki in a ka za a sa. 'Yan dako da masu tura kurar ruwa su ma su riƙe wannan, don riƙe numfashi wajen ɗaga buhu yana cikin abin da ke fito da ƙaba.

16. Rage teɓa kaɗan-kaɗan.
Kitsen ciki kaya ne da tsokar ke ɗauka dare da rana ba saukewa. Ba sai an rame ba: rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yakan rage ɗigon ga mai ƙiba, wato kilo huɗu zuwa takwas ga mai kilo 80. A rage suga a koko da shayi, a yi tafiyar minti talatin da sanyin safiya ko bayan La'asar. Tsalle-tsalle da gudu kuwa a jira sai tsokar ta yi ƙwari.

17. Horar da mafitsara ta koyi haƙuri.
Mafitsarar babba kan ɗauki kusan rabin lita, kuma zuwa fitsari sau huɗu zuwa takwas a wuni ba laifi ba ne, amma mai zagayawa "don kada ya matse ni a hanya" tana koya mata ƙorafi tun ba ta cika ba. In matsuwa ta zo da ƙarfi kada ki ruga: tsaya cak ko ki zauna, ki yi gajeriyar matsewa sau biyar, ki jira ta lafa, sannan ki taka a hankali. Ki riƙa ƙara minti 10 zuwa 15 tsakanin zuwa da zuwa, har ki kai awa uku. Yakan ɗauki mako shida ko fiye.

CIKI, HAIHUWA DA JEGO

18. Fara tun cikin yana ƙarami, kuma ki je awo.
Mai ciki da ta fara atisayen da wuri ba ta cika fama da ɗigo a ƙarshen ciki da bayan haihuwa ba, kuma ba ya hana haihuwa sauƙi. In ƙwayar ƙarin jini ta taurara miki ciki kada ki yar da ita, ki ƙara ganye da ruwa ki faɗa wa nas. Awo kuwa a nan garin aka nuna darajarsa: binciken da Farfesa Kelsey Harrison ya gudanar a Jami'ar Ahmadu Bello ya kuma wallafa a 1985 kan haihuwa 22,774 a Zariya ya nuna cewa mafi munin wahala da rasa rai sun fi afka wa matan da ba su yi awo ba, aka kawo su a makare.

19. Naƙudar da ta kai awa 12, a tafi asibiti.
In kan jariri ya tsaya a ƙugu, yana matse naman da ke tsakaninsa da ƙashi har jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, ya bar huda tsakanin mafitsara da gaba. Asalin yoyon fitsari ke nan. Maigida, tun wata na bakwai ka tanadi kuɗin mota da lambar mai Keke da zai ɗauki waya da tsakar dare, ka kuma bar izini a gida cewa ko ba ka nan a fita da ita. Mai cikin fari da mai ƙananan shekaru da wadda aka taɓa yi wa aiki, su kam a asibiti ya kamata su fara naƙudar ma.

20. Ba reza, ba danna ciki.
Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, domin abin da ya tsare jariri ƙashi ne ko kwanciyarsa, rezar kuwa takan ratsa ta huda mafitsara ko hanyar fitsari. Haka hawa cikin mai naƙuda ana dannawa, da sa ta yunƙuri tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, da jiƙe-jiƙen zaburar da naƙuda. Inna, Gwaggo, mun san tausayi ne ke sa ku, amma tausayin da ya fi shi ne ku ɗauki gyale ku raka ta asibiti.

21. Mai jego, fara a hankali tun kwanakin farko.
Da an cire robar fitsari, in an sa, kin kuma yi fitsari da kanki, za ki iya fara matsewa mai taushi ko da akwai ɗinki, domin tana taimaka wa jini ya zagaya kumburi ya sauka. Kada ki tsorata in da farko ba ki ji komai ba, jijiyoyin sun sha miƙa ne, za su farfaɗo. Wadda aka yi wa aiki ita ma ta yi, don wata taran da tsokar ta yi tana dakon ciki ya gajiyar da ita.

22. Ruwan jego ya zama mai ɗumi, ba mai ƙuna ba.
Zama cikin ruwan ɗumi mai tsabta na minti goma yana rage raɗaɗin ƙari, amma tafasasshe yana ƙona wurin ya ɓata ɗinki, tabon da zai bari kuma ba ya miƙewa kamar lafiyayyen nama. Ki gwada da gwiwar hannu. In ba za ki iya barinta a ciki ba, a sirka. Kunun kanwa ma a yi masa hankali, domin tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

23. A bar mata arba'in ɗinta cikakku.
Kusan mako shida jiki ke buƙata kafin kayan ciki su koma mazauninsu, kuma al'adarmu ta wankan gida ta riga ta gane haka. A wannan tsakani kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi: ba jan guga, ba daka, ba jarka, ba goyon yayan jariri. Maigida da uwar miji su ne masu tsaron wannan doka, su kuma tuna cewa tazara tsakanin haihuwa da sabon ciki, kamar shekara biyun shayarwa, ita ke ba tsokar damar komawa daidai.

24. Kuɗin kayan matsi, a sayi wake da su.
Abin da ake cusawa a gaba yana busar da fata ne ta tattare na ɗan lokaci, bai isa ga tsokar da ke ƙarƙashi ba, balle ya ƙara mata ƙarfi. Abin da yake bari shi ne ƙaiƙayi, ƙuna, sanyi, wani lokaci har tabon da ke toshe hanya. Riƙon da ake nema a tsoka yake, kuma shawara ta 5 da ta 6 ne ke kawo shi.

SAURAN MUTANEN GIDA DA ZANCEN ASIBITI

25. Malam, ga maganin ɗigon bayan tsarki.
Ɗigon da ke ɓata wando bayan an miƙe ragowa ce da ta kwanta a lanƙwasar hanyar fitsari, a bayan maraina. In ka gama ka ɗan jira, ka sa yatsu a bayan maraina ka shafo gaba a hankali sau biyu ko uku, sannan ka matse tsokar da ƙarfi. Istibra'in da aka koya mana a makarantar allo ke nan, ba sai da murza ko ja da ƙarfi ba. Amma dattijon da fitsarinsa ya rage gudu, ko yake tashi sau da yawa da dare, ya je a duba furostet, wanda aka yi wa aikinta kuma wannan atisaye na taimaka masa ya dawo da riƙo.

26. Mai fitsarin kwance ba duka yake buƙata ba.
Kafin shekara biyar ba a ma kiransa ciwo, bayan haka kuma ba da gangan yaro ke yi ba. Barci ne mai nauyi da mafitsarar da ba ta gama koyo ba, sau da yawa ma gado ne. A duba ko cikinsa na taurara, domin hanjin da ya cika yana danna mafitsara, a ba shi ruwa sosai da rana, ya zagaya kafin ya kwanta. Waƙar tsokana da tara masa yara ba sa busar da tabarma, sai dai su sa ya fara ɓoyewa.

27. Tsofaffi ma tsokarsu na jin horo.
Bayan ɗaukewar al'ada naman wurin kan yi sirara, ɗigon ya ƙaru, sai ka ga Hajiya ta daina zuwa biki da Islamiyya, ko Mama ta daina zuwa coci, ba ta faɗi dalili ba. Ku koya mata atisayen cikin ladabi, ku ajiye mata fo da fitila kusa da gado don kada ta faɗi a duhu, ku kuma gwada suga in ƙishirwa ta yi yawa. Zancen alwala kuwa a tambayi malami, domin fikihu ya yi wa mai salasin fitsari rangwame, ba a ce ya bar salla ba.

28. Bambance ɗigo da yoyo.
Ɗigo na zuwa da tari ko matsuwa ya tsaya, yoyo kuwa zuba ce dare da rana ba ji ba gani, yawanci kwanaki kaɗan bayan doguwar naƙuda ko aiki, kuma atisaye ba ya toshe huda. A tafi nan da nan, domin sabuwar huda ƙarama kan iya rufewa da robar fitsari kaɗai in an sa da wuri, hanyar da Dakta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya yi fice da ita a Babbar Ruga ta Katsina. Mu nan Zariya ga sashen masu yoyon fitsari a Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, kuma wadda bayan gida ko iska ke kuɓuce mata tun bayan ta haihu ita ma sau da yawa ɗinki ne ke gyara ta.

29. Abin da ke leƙowa a gaba, a nuna wa likita.
In mace na jin kamar wani abu na saukowa, ko ta taɓa ƙullutu a bakin gaba wanda ke ƙaruwa da yamma ya koma in ta kwanta, to mahaifa ce ko mafitsara ko hanji suka zazzago. Ba iska ba ce, ba jifa ba ne. Mai sauƙi atisaye na rage damunsa, mai matsakaici akwai zoben roba da likita ke sawa ya tallafe shi, mai tsanani kuma a yi aiki. A fara da asibitin unguwa a karɓi takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Shika, inda akwai likitocin mata da na mafitsara da sashen fisiyo.

30. Waɗannan ba sa jiran gari ya waye.
Fitsarin da ya ƙi fita sam mara ta kumbura, zazzaɓi da ciwon kwiɓi tare da zafin fitsari, ko ruwa mai wari da zazzaɓi ga mai jego, duk na tafiya asibiti ne a take. Haka ciwon baya da ya zo da mutuwar fata tsakanin cinyoyi da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, domin jijiyar laka ce ta matsu, kuma jinkiri na iya barin lahanin har abada. Jini a fitsari, ko jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke, su ma kada mako ya zagayo ba a nuna su ba.

In talatin sun yi yawa, a ɗauki uku a fara yau: atisaye sau uku a rana, matsewa kafin tari, da ganye a miyar dare. In wata uku ya cika ba canji, ki rubuta sau nawa kike fitsari, me kike sha, yaushe ɗigon ke zuwa, na kwana uku a jere, ki tafi da takardar wurin likita, ki kuma nemi a duba ko daidai kike matsewa. In kunya ce, kina da damar cewa mace kike so ta duba ki, kuma ki ja ƙanwarki ko maƙwabciyarki da kika san tana fama ku tafi tare.